Yadda ake auna rumbun 'yan wasan hokin ƙanƙara na ƙasa, tsara da tsara

Gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu bin hokin ƙanƙara ita ce wace tsara ta fi wata. Kanada ta zamanin Sidney Crosby ko ta Connor McDavid? Amurkan da ta ɗauki kofin duniya a 1996 ko ta su Auston Matthews? Yawanci da abu biyu ake yanke hukunci: ƙirga lambobin zinare da jero sunayen taurari. Dukansu suna ruɗin mutum. Abin da ya kamata a auna shi ne rumbu gaba ɗaya, wato 'yan wasa nawa masu inganci ƙasa ta fitar cikin waɗanda aka haifa a wasu shekaru ƙayyadaddu, a wane gurbi suke bugawa, kuma ina suka tsaya tsakanin sa'o'insu na sauran ƙasashe.

Tsarin wasan ne ya sa haka. Mutum 6 ne kowace ƙungiya take da su a kan ƙanƙara lokaci guda, amma 20 ne suke sa riga: 'yan gaba 12, 'yan baya 6, masu tsaron raga 2. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce daƙiƙa 40 zuwa 50 sai ya fita wani ya shigo. Gwanin gwanaye cikin 'yan gaba minti 20 zuwa 22 yake samu cikin 60. Ragowar lokacin yana zaune a benci yana kallon abin da na bayansa za su iya. Shi ya sa Sulobeniya, duk da ta fitar da gwani irin Anze Kopitar, ba ta taɓa shiga sahun manya ba.

Yanka tsara da shekarar haihuwa

Fara da raba 'yan wasa zubi-zubi na shekara 5: haihuwar 1970 zuwa 1974, 1975 zuwa 1979, haka har ƙasa. Shekara ɗaya ta yi kaɗan, sa'a za ta rinjayi lissafin. Shekara 10 kuma ta yi yawa, za ka haɗa mutanen da ba su taɓa cin ganiyarsu tare ba.

Kada ka yi amfani da shekarar da aka zaɓi yaro a zaɓen matasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, a madadin shekarar haihuwa. Dokar zaɓen ita ce yaro ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na wannan shekara. McDavid da Matthews duk haihuwar 1997 ne, amma an zaɓi McDavid a 2015, Matthews kuwa sai 2016, domin an haife shi ranar 17 ga Satumba, kwana 2 bayan an rufe ƙofa. Haka ta faru da Alexander Ovechkin, shi ma 17 ga Satumba, 1985. In ka bi shekarar zaɓe, za ka ɗauke mutum daga cikin tsararsa ka kai shi wata.

Sharaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci: a gwada kowa a shekarunsa. Wanda ya yi ritaya yana da kaka 20 a jaka, ɗan shekara 24 kuwa yanzu ya fara tarawa. Ka tsayar da layi ɗaya ga kowa, misali abin da mutum ya yi daga shekara 23 zuwa 28, wanda shi ne ganiyar yawancin 'yan gaba. Masu tsaron raga sukan makara, su ka buɗe musu har 32.

Wane ne ɗan ƙasa?

Nan ne lissafi yake fara karkacewa, domin yawancin rumbunan bayanai na intanet da wurin haihuwa suke jera mutane. In ka bi wannan, Najeriya ma ƙasar hoki ce: Rumun Ndur, ɗan bayan da ƙungiyar Buffalo ta zaɓa a 1994, a Zariya aka haife shi a 1975, Akim Aliu kuma a Okene. Amma a lardin Ontario na Kanada Ndur ya girma, can ya koyi tafiya a kan ƙanƙara. Jarome Iginla, wanda ya miƙa wa Crosby faifan (abin da ake bugawa a hoki a madadin ƙwallo) da ya ci zinaren Olamfik na 2010, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kuwa haihuwar Edmonton ne, tarbiyyar Kanada. Olaf Kolzig a Johannesburg aka haife shi, Jamus ya tsare wa raga. William Nylander a Calgary aka haife shi lokacin mahaifinsa yana wasa a can, Suwidin yake bugawa.

Mafita ita ce ka buɗe gurbi biyu a jadawalinka. Ɗaya na ƙasar da ta rene shi daga kusan shekara 10 zuwa 17, ɗaya na ƙasar da ya sa wa riga. In tambayarka ita ce wace ƙasa ta iya renon 'yan wasa, gurbin farko za ka bi. In kuwa wace ƙasa za ta iya fitar da ƙungiya mafi ƙarfi, na biyu. Brett Hull ya isa misali: Kanada ta haife shi ta rene shi, Amurka ta ci moriyarsa a 1996 saboda mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce.

Sai kuma ƙasashen da suka wargaje. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Cekosulobakiya ta rabu biyu ranar 1 ga Janairu, 1993. Ba daidai ba ne ka ɗauki rumbun Sobiyet gaba ɗaya ka ajiye shi gefen na Rasha ta yau, alhali a cikinsa akwai 'yan Latbiya irin su Arturs Irbe da Sandis Ozolinsh, da 'yan Yukiren da Kazakistan. Ko dai ka tsame su daga tsohon lissafi, ko ka haɗa su a sabon. Peter Stastny, mutum ɗaya, ya sa rigar ƙasa 3: Cekosulobakiya, Kanada a 1984, da Sulobakiya.

Cika ƙungiya biyu, gurbi-gurbi

Yanzu ɗauki takarda ko jadawalin kwamfuta. Ga kowace ƙasa da kowane zubi, cika cikakkiyar ƙungiya: 'yan tsakiya 4 da 'yan gefe 8 (su ne 'yan gaba 12), 'yan baya 6, masu tsaron raga 2. Da ka gama, cika ta biyu daga waɗanda suka rage. Ƙungiyar farko tana nuna tsayin rumbu, ta biyu tana nuna zurfinsa. A yawancin tsararraki ƙungiyar Kanada ta biyu za ta iya neman lambar yabo, alhali Finlan ko Cek ba sa kai rabin ta biyu sai sunayen sun fara ƙarewa.

Kada ka yarda ka cike gurbin da babu kowa da rarar wani gurbi. Ɗan tsakiya yana iya komawa gefe, Kanada ta saba yin haka. Ɗan gefe ba kasafai yake iya komawa tsakiya ba, ɗan gaba kuma ba ya zama ɗan baya. Wannan rarrabewar ce take tona abin da jimilla take ɓoyewa.

Dubi ragar Kanada. Patrick Roy da Ed Belfour haihuwar 1965, Curtis Joseph 1967, Martin Brodeur 1972, Roberto Luongo 1979, Marc-Andre Fleury 1984, Carey Price 1987. Fiye da shekara 20 babu giɓi. Daga haihuwar 1990 zuwa sama kuwa sai rijiyar ta yi ƙasa, kuma a daidai lokacin ne Amurka ta fitar da Connor Hellebuyck, haihuwar 1993, da Thatcher Demko da Jake Oettinger da Jeremy Swayman, Rasha kuma ta fitar da Andrei Vasilevskiy, 1994, da Igor Shesterkin da Ilya Sorokin, duka 1995. Wanda ya dubi McDavid da Nathan MacKinnon da Cale Makar kawai zai ce tsarar nan ta Kanada ba ta da aibi. Wanda ya cika jadawalin gurbi-gurbi zai ga ramin tun kafin a fara wasa. Kuma rami ne mai tsada, domin mai tsaron raga shi kaɗai ne yake tsayawa minti 60.

Haka Suwidin. Zubin 1970 zuwa 1974 ya ba ta Nicklas Lidstrom da Mats Sundin da Daniel Alfredsson da Peter Forsberg da Markus Naslund, nauyin ya fi karkata gaba. Zubin 1990 zuwa 1994 kuwa baya ya fi nauyi: Erik Karlsson da Victor Hedman, duka 1990, da Oliver Ekman-Larsson. Jimillar makinsu kan iya zuwa kusa da juna, amma ƙungiyoyin da za a gina da su ba iri ɗaya ba ne.

Daidaita maki da zamani

Maki a hoki shi ne cin da mutum ya yi haɗe da wanda ya taimaka aka yi. Matsalar ita ce darajar ci ba ɗaya ba ce a kowane zamani. A kakar 1981–82 ana cin kusan 8 a wasa ɗaya na NHL in an haɗa ƙungiyoyin biyu. A 2003–04, zamanin riƙe-riƙe da toshe tsakiyar fili, abin ya faɗo kusan 5.1. Bayan rikicin albashin da ya cinye kakar 2004–05 gaba ɗaya aka sauya dokoki, wasa ya sake buɗewa.

Lissafin mai sauƙi ne. Ninka makin ɗan wasa da 6, ka raba da matsakaicin cin wannan kaka. In kakar ba ta wasa 82 ba ce, ninka da 82 ka raba da yawan wasannin kakar. Ga yadda yake fitowa. Wayne Gretzky ya tara 215 a 1985–86, kakar wasa 80, matsakaicin ci kusan 7.9: ya dawo kusan 167. McDavid ya tara 153 a 2022–23, matsakaici kusan 6.3: kusan 146. Martin St. Louis ya jagoranci 2003–04 da 94 kacal, amma da an daidaita sai ya haura 110. Gretzky yana nan a sama, sai dai tazarar 62 da ke tsakaninsa da McDavid ta koma kusan 20. In ba ka yi wannan gyara ba, duk haihuwar 1960 zuwa 1964 za su zama dodanni, haihuwar 1975 zuwa 1979 kuma su zama kamar ba su iya ba.

Kula da gajerun kakanni: 1994–95 da 2012–13 wasa 48 aka yi, 2020–21 kuma 56.

Maki ba ya auna ɗan baya yadda ya kamata. Shi ka dubi mintocin da mai horarwa yake ba shi, ɗan baya na ɗaya yakan sha minti 24 zuwa 27. Sai dai daga ƙarshen shekarun 1990 ne aka fara ajiye wannan lissafi, don haka ga na da sai ka koma ga ƙuri'un kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya. Mai tsaron raga kuma da kason bugun da ya tare ake auna shi, amma a gwada shi da matsakaicin kakarsa. Tare kashi 90 cikin 100 bajinta ce a shekarun 1980, a 2015 kuwa mai wannan adadi benci zai zauna.

Hanyar da ta fi duk waɗannan tsabta ita ce ƙirga matsayi maimakon adadi. A kowace kaka fitar da 'yan gaba 30 na sama, 'yan baya 20, masu tsaron raga 10, ka ga nawa ne na kowace ƙasa da kowane zubi. Matsayi ba ruwansa da yawan ci ko tsawon kaka. Shafukan Hockey-Reference da QuantHockey suna da alƙaluman NHL kaka-kaka, Elite Prospects kuma ya fi amfani ga wasannin Turai da na matasa.

NHL ba ita ce duniya ba

Ga kuskuren da ya fi lalata kwatance. Kafin 1989 ƙofar NHL a rufe take ga 'yan Sobiyet. Valeri Kharlamov da Vladislav Tretiak ba su taɓa buga ko wasa ɗaya a can ba, amma su ne suka tayar wa taurarin Kanada hankali a wasanni 8 na 1972, inda Kanada ta ci 4, Sobiyet 3, aka yi kunnen doki 1, kuma sai saura daƙiƙa 34 a wasan ƙarshe a Mosko Paul Henderson na Kanada ya raba gardama. Da aka buɗe ƙofar, Viacheslav Fetisov da Igor Larionov da Sergei Makarov sun iso ne ganiyarsu ta fara wucewa. Makarov ya karɓi kyautar gwarzon sabon shiga a 1990 yana da shekara 31, abin da ya sa aka sa wa kyautar iyakar shekaru. Ƙungiyar Chicago ta zaɓi mai tsaron raga ɗan Cek Dominik Hasek tun 1983, bai taka Amurka don wasa ba sai 1990. Saboda haka kusan duk ɗan gabashin Turai da aka haifa kafin kusan 1968, alƙaluman NHL ba sa faɗin gaskiyarsa. Da wasannin ƙasa da ƙasa za ka auna shi.

Ta ɗaya gefen kuma, yawan kujeru ya canza. Ƙungiya 6 ce daga 1942 zuwa 1967, ta zama 12 a 1967, 21 a 1979, 30 a 2000, 32 a 2021. Ƙasa tana iya ninka yawan 'yan wasanta a NHL ba tare da ta ƙara inganci ba, kujeru ne suka ƙaru. Haka kaso ma yana da nasa tarko. Kanada ta taɓa riƙe sama da kashi 90 na gasar, ta faɗo ƙasa da rabi a tsakiyar shekarun 2010, yanzu tana ɗan sama da kashi 40. Wannan bai nuna Kanada ta lalace ba, kasuwa ce ta cika da baƙi. Ka rubuta adadi da kaso gefe da gefe, kada ka dogara da ɗaya.

Tun da aka kafa KHL, babbar gasar ƙwararru ta Rasha, a 2008 kuma, 'yan Rasha masu matsakaicin matsayi da yawa sun gwammace zama gida. Taurarinsu suna NHL, amma ƙungiyarsu ta biyu sai ka leƙa KHL kafin ka cika ta.

Waɗanne gasa ne shaida?

Gasar duniya ta kowace shekara ta IIHF, hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, a watan Mayu ake yin ta, daidai lokacin da ake fafatawar kofin Stanley, kofin zakarun NHL, don haka manyan 'yan wasa da yawa ba sa zuwa. Tana nuna zurfin rumbu, ba ta nuna tsayinsa. Gasar da kowa ya zo da gwanayensa ba su da yawa: kofin Kanada na 1976, 1981, 1984, 1987 da 1991, kofin duniya na 1996, 2004 da 2016, da Olamfik daga 1998 zuwa 2014. A 2018 da 2022 'yan NHL ba su je Olamfik ba. Gasar ƙasashe huɗu ta Fabrairun 2025, wadda Kanada ta doke Amurka 3–2 a ƙarin lokaci, ba Rasha ba Cek a cikinta. Ko waɗanda ake kira cikakku ma ka bincika wa ya rasa: a 1972 Bobby Orr yana jinyar gwiwa, an kuma hana Bobby Hull saboda ya koma WHA, gasar da ke kishiyantar NHL a lokacin.

Sannan wasan sallama guda ɗaya ba ma'auni ba ne. Belarus ta fitar da Suwidin 4–3 a Olamfik na 2002, da Sundin da Lidstrom a cikin fili. Shekara 4 bayan haka kusan tsarar nan ce ta ɗauki zinare a Turin. A 2014 Kanada ta kai wa Latbiya bugu 57, mai tsaron ragarta Kristers Gudlevskis ya tare 55, da ƙyar aka tashi 2–1. Lambar yabo shaida ce da take tabbatar da abin da jadawali ya nuna, ba ita ce tushen hukunci ba. Kada ka ba ta fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin lissafinka.

Zaɓen matasa ma haka. Tun 2005 zagaye 7 ake yi, da ƙungiya 32 ya zama kusan mutum 224 a shekara, a da kuwa ya kan kai zagaye 9 ko 12. Don haka ƙirga duk wanda aka zaɓa ba shi da amfani, tsaya a kan 30 ko 60 na farko. Ko a nan ma hasashe ne kawai kan yaro ɗan 18, kuma an daɗe ana raina 'yan Turai: Lidstrom na 53 aka ɗauke shi, Pavel Datsyuk na 171, Henrik Lundqvist na 205, Henrik Zetterberg na 210, Pekka Rinne na 258.

Gwaji da Cek da Amurka

Ɗauki Cek ka bi matakan nan. Zubi biyu na haihuwar 1970 zuwa 1979 sun ba ta Jaromir Jagr da Robert Reichel da Martin Straka da Robert Lang da Roman Hamrlik da Patrik Elias da Milan Hejduk da Tomas Kaberle da Tomas Vokoun, ga Hasek a gabansu. Ƙungiyar farko ta cika har da rara. Gasa ma ta gaskata: zinaren Olamfik na Nagano a 1998, da kambun duniya 3 a jere daga 1999 zuwa 2001. Sauko zuwa zubi biyu na haihuwar 1990 zuwa 1999, za ka samu David Pastrnak da Tomas Hertl da Martin Necas a gaba, amma 'yan baya na sahun farko sun yi ƙaranci. Alamar ta riga ta bayyana a gasar 'yan ƙasa da 20: bayan tagullar 2005, Cek ba ta sake hawa dandamali ba sai azurfar 2023.

Lura da jinkirin da ke ciki. Waɗanda suka ci Nagano a ƙarƙashin tsarin Cekosulobakiya suka koyi wasa, tsarin da ya riga ya shuɗe kafin su ɗaga zinaren. Abin da ake gani a babbar ƙungiya yau amfanin gonar da aka shuka shekara 12 zuwa 15 baya ne. Amurka ta nuna wannan ta ɗaya fuskar. Tsarar Brian Leetch da Mike Richter da Mike Modano da Keith Tkachuk ta ci 1996, kuma a shekarar ce aka kafa shirin renon matasa na ƙasa a Ann Arbor, jihar Michigan. Sai da aka yi shekaru kafin rumbu ya cika: a zaɓen 2019 'yan wannan shiri 8 aka ɗauka a zagayen farko, Jack Hughes a kan gaba. In ka cika ƙungiya biyu ga haihuwar 1968 zuwa 1972 da kuma 1995 zuwa 1999, za ka tarar ƙungiyoyin farko suna gogayya, amma ta biyu ta sabuwar tsara ta fi nisa, musamman a baya da raga.

Ga haihuwar 2000 zuwa sama, rufe lissafin a shekara 23 ga kowace tsara, ka koma ka yanke na Crosby da na Jagr a daidai wannan wuri kafin ka gwada su da su Rasmus Dahlin da Moritz Seider da Tim Stutzle. Gurbin gasar ƙasa da ƙasa na Rasha kuma ka bar shi fayau daga 2022, lokacin da IIHF ta dakatar da ita, ka raba nauyinsa ga sauran guraben maimakon ka rubuta sifili.